Gold Coast Ta Ci Rabonta, A Bai Wa Wollongong Nata



A watan Oktoban 2009 wani attajiri a ƙasar Ostireliya ya yi abin da ban taɓa jin wani mai kulob ya yi ba. Ya sa aka kulle ɓangarori uku na filin wasan ƙungiyarsa, aka bar ɓangare ɗaya, ya kuma ce kada a sayar da tikiti fiye da dubu biyar. Filin nan yana cin mutum sama da dubu ashirin da bakwai. Dalilinsa shi ne gwamnatin jihar Queensland tana karɓar wani kuɗin sufuri a kan kowane tikiti da zarar 'yan kallo sun haura dubu biyar, shi kuma ya lissafa ya ga gara a hana mutane shiga da a biya. Mutanen gari suka taya shi aikin. A wasan farko da aka buga ƙarƙashin wannan doka, waɗanda suka zo ba su kai dubu uku ba. Sunan attajirin Clive Palmer, sunan kulob ɗin Gold Coast United, kuma bai cika kaka ta uku ba aka ƙwace lasisinsa.

Na tono wannan labari ne saboda har yau, duk lokacin da aka ta da maganar ƙara ƙungiyoyi a gasar A-League, wato babbar gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru a Ostireliya, sai ka ji an sake jefo sunan Gold Coast. Masu sharhi su ɗauko taswira, su nuna gaɓar tekun gabas, su ce ga birni mai mutum fiye da dubu ɗari shida babu kulob, ai asara ce. Ni kuwa ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo. In har gasar za ta sake kai ƙungiya bakin teku, akwai garin da ya fi shekara ashirin yana jira a ƙofa, da tarihinsa da filinsa da mutanensa, ana tsallake shi saboda ba ya ƙyalli. Wollongong ke nan. Kuma ko ita ɗin, hanyar da ake bi a zaɓi gari ita ce tushen ɓarnar.

Ga wanda bai saba kallon komai ba sai Firimiya da La Liga, sai na ɗan yi bayani, domin tsarin can daban ne. A A-League ba a hawa, ba a faɗuwa. Ko ka ƙare a ƙarshen teburi shekara goma a jere, ba ka tafiya ajin 'yan dagaji. Ko ka cinye duk wani kofi na ƙananan gasa, ba ka shigowa. Shiga gasar lasisi ne, kamar rumfa a kasuwa: masu gasar su zauna, su duba takardun masu nema, su ga wa ya fi kuɗi, wane gari ne zai yi wa gidan talabijin daɗi, su sayar. An kafa gasar a 2005 da ƙungiyoyi takwas, bayan tsohuwar gasar NSL, wadda ta fara a 1977, ta durƙushe a 2004. Hamshaƙin ɗan kasuwa Frank Lowy ne ya jagoranci sabon zubin, da manufar gari ɗaya kulob ɗaya, da kuma nesanta ƙwallo daga tsofaffin ƙungiyoyin da baƙin haure Girkawa da Italiyawa da Kuroshiyawa suka kafa. Sannan ana buga gasar ne daga Oktoba zuwa Mayu, wato lokacin zafinsu, don a kauce wa karo da ƙwallon zari-ruga da kuma ƙwallon gargajiyarsu ta AFL, waɗanda su ne suka riƙe talabijin da aljihun 'yan talla. Ku riƙe wannan batu na lokacin zafi, za mu dawo kansa.

Masu son Gold Coast suna da hujjoji, kuma ba na ce ƙarya suke yi ba. Shi ne birni na shida mafi girma a ƙasar, kuma mafi girma cikin waɗanda ba hedikwatar jiha ba. Kullum mutane ƙaruwa suke. Filin wasa na zamani yana nan a unguwar Robina, kusa da tashar jirgin ƙasa. Birnin ya karɓi wasannin Commonwealth a 2018, kuma zai samu kasonsa idan Brisbane ta karɓi Olamfik a 2032. Brisbane ɗin ma tafiyar kamar awa ɗaya ce, don haka ga wasan hamayya da Brisbane Roar a ɓagas. Duk gaskiya ne. Abin da ba sa faɗa shi ne, kusan duk waɗannan hujjoji an kawo su a 2008, da su aka ba Palmer lasisi. Yawan mutane a taswira ba ya gaya maka ko su wane ne mutanen. Gold Coast garin hutu ne da yawon buɗe ido, garin dogayen benaye a bakin rairayi, otal-otal da wuraren shaƙatawa. Da yawan mazaunansa daga wani wuri suka ƙauro: wani daga Melbourne, wani daga Sydney, wani daga New Zealand, wani ya yi ritaya ya zo shan iska. Kowa ya zo da kulob ɗinsa a zuciya. Wanda kakansa ya kai shi kallon Collingwood tun yana ɗan shekara biyar ba zai canza riga don an buɗe sabon shago kusa da gidansa ba. Ranar Asabar kuwa da yamma, cikin watan Janairu, rana tana dukan ƙeya, ga teku kyauta a gefen gida, sai ka gaya mini me zai sa magidanci ya kwashi iyalinsa ya nufi Robina ya biya kuɗi.

Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ta sha kashi a garin ba. 'Yan jaridar ƙasar da kansu suna kiransa maƙabartar ƙungiyoyin wasanni. Ƙungiyar zari-ruga da aka kafa a 1988 ta sauya suna daga Giants zuwa Seagulls zuwa Chargers, ta mutu a 1998. Brisbane Bears ta AFL ta zauna a Carrara daga 1987, ta ga ba ci, ta tattara ta koma Brisbane a 1993. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Blaze ta rufe a 2012, shekarar da United ta rufe. Biyun da suka rage, Titans da Suns, suna raye ne don iyayen gidansu masu ƙarfi ne. Titans sai da hukumar gasar NRL ta karɓe ta a 2015 ta riƙe kafin a samu masu saye. Suns kuwa ta shiga AFL a 2011, aka yi ta zuba mata kuɗi, ta yi kaka goma sha huɗu ba ta taɓa kaiwa zagayen ƙarshe ba sai a 2025. AFL tana da aljihun da za ta yi wannan haƙuri. A-League ba ta da shi, kuma zan zo kan lissafin.

Na san amsar da za a ba ni, don ita ake bayarwa kullum: ai laifin Palmer ne, ba na gari ba. To, mu ba Palmer haƙƙinsa, domin ya yi abin a faɗa. Mutumin da ya yi arziki da ma'adinai, ya zo da jirginsa na kansa yana kai 'yan wasa, ya ɗauko Jason Culina daga PSV ta Holan, ya ɗauko Shane Smeltz, ya ce ƙungiyarsa za ta gama kaka ba a doke ta ba. Kafin a fara gasa suka doke Fulham a wasan sada zumunta, gari ya ɗauka. A fili ma ba su yi abin kunya ba, na uku suka zo a kakar farko, Smeltz ya fi kowa cin ƙwallaye. Amma 'yan kallo kusan dubu biyar ne a kowane wasa, daga baya suka koma ƙasa da dubu huɗu, har akwai ranakun da ba su kai dubu biyu ba. A Fabrairun 2012 abin ya koma wasan kwaikwayo. Palmer ya naɗa yaro ɗan shekara goma sha bakwai, Mitch Cooper, kyaftin a ranar da zai buga wasansa na farko. Koci Miron Bleiberg ya nuna cewa naɗin na jeka-na-yi-ka ne, aka dakatar da shi, ya ajiye aiki. Palmer ya fito fili ya ce shi ƙwallon ma ba ta burge shi, zari-ruga ta fi. Sannan ya sa aka liƙa wa rigunan 'yan wasa rubutun neman 'yancin faɗin albarkacin baki don ya tsokani hukumar. Ranar 29 ga watan aka karɓe lasisin. Sai ya kafa tasa hukumar ta adawa ya sa mata suna Football Australia, sunan da, abin dariya, hukumar ta gaskiya ta dawo ta ɗauka a 2020. Daga nan ya wuce maganar ƙera sabon jirgin Titanic da kafa jam'iyyar siyasa.

To na yarda, mutumin ya yi ɓarna. Amma wa ya ba shi lasisin? Kuma me ya sa aka ba shi? An ba shi ne don a garin babu wani abu da zai ɗauki kulob in ba aljihun mutum ɗaya ba. Inda babu jama'ar da ta riga ta taru a kan ƙungiya, dole ka nemo attajiri ya cike gurbinsu, kuma attajirin da zai yarda ya yi ta asarar miliyoyi a kan wasan da bai damu da shi ba, wani abin yake nema: suna, ko fili, ko hanyar shiga siyasa. Ranar da ya samu, ko ya gaji, shi ke nan. Palmer bai faɗo daga sama ba, tsarin ne ya je ya nemo shi. Shaida kuwa ita ce ƙungiyar da suka shiga gasar tare a 2009, North Queensland Fury ta garin Townsville, ita ma a bakin teku. Can babu Palmer. Sun ɗauko Robbie Fowler, wanda duk ɗan Liverpool ya sani. Mai kulob ɗin ya janye bayan kaka ɗaya, hukumar ta riƙe na shekara guda, aka rufe a Maris ɗin 2011. Ku lura da lokacin. A Disambar 2010 ne Ostireliya ta nemi karɓar gasar cin kofin duniya ta 2022, ta tashi da ƙuri'a ɗaya tak, Katar ta ɗauka. A ganina an baza ƙungiyoyin nan a gaɓar Queensland ne har da don taswirar ta yi kyau a idon FIFA, da buƙata ta wuce sai aka sake su.

Wanda ke ganin wannan tsohon zance ne, ya dubi Western United. A 2018 aka sake buɗe neman lasisi. Aka zubar da takardar Gold Coast tun zagayen farko, aka zubar da ta Wollongong a watan Oktoba, a Disamba aka zaɓi ƙungiyoyi biyu da ba su taɓa buga ko wasa ɗaya ba: ɗaya a yammacin Melbourne, ɗaya a kudu maso yammacin Sydney. Kowa ya san dalili, ana son ƙarin wasannin hamayya a manyan birane biyu don talabijin. Western United ta ci lasisi da alkawarin gina filinta na kanta a Tarneit, cikin sababbin unguwannin da ake sa ran mutane za su cika. Shekaru suka wuce tana yawo da wasanninta na gida, yau Geelong, gobe Ballarat, jibi Tasmania. Har kofin gasar ta ci a 2022 a hannun John Aloisi, amma kujeru wayam. Babban filin bai tashi ba, bashi ya taru, albashi ya maƙale, a Agustan 2025 aka janye lasisinta, aka shiga sabuwar kaka babu ita. Macarthur tana nan da rai a Campbelltown, ta ci kofin ƙalubale na ƙasa sau biyu, amma 'yan kallonta suna cikin mafi ƙaranci a gasar. Sau nawa za a gwada gina kasuwa a fili a ce mutane za su zo daga baya?

Kada wani ya ɗauka ina cewa bakin teku ne ba ya karɓar ƙwallo. Ƙungiyar da ta fi burge ni a gasar gaba ɗaya ta bakin teku ce: Central Coast Mariners, a garin Gosford, arewa da Sydney. Yankin bai kai mutum dubu ɗari huɗu ba. Filinsu mai cin dubu ashirin gefe uku kawai aka gina, gefe na huɗu bishiyoyin dabino ne da ruwa a bayansu. Tun 2005 suke gasar, kuma tun ranar ake cewa su ne za su fara mutuwa. Bambancinsu da Gold Coast shi ne su kaɗai ne ƙungiyar ƙwararru ta dindindin a yankin, mutanen kuma sun daɗe suna jin Sydney ta raina su, sai suka samu abin da za su ce nasu ne. Ba su da kuɗin sayen taurari, sai suka koma renon yara suna sayarwa. Mile Jedinak da ya zama kyaftin ɗin Crystal Palace da na ƙasa, mai tsaron gida Mat Ryan, Tom Rogic na Celtic, Trent Sainsbury, duk ta nan suka bi. Haka Garang Kuol, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a Masar, wanda Newcastle ta Ingila ta saya yana ɗan shekara goma sha takwas. Sun ci gasar a 2013. Daga nan suka shiga baƙar wahala, sau huɗu suna ƙarewa a ƙarshen teburi tsakanin 2016 da 2020, har sau biyu ana zura musu ƙwallo takwas a gida.

A tsakiyar wahalar ne su ma suka ɗan taɓa irin ta Palmer. A 2018 suka gayyato Usain Bolt gwaji. Duniya ta juyo, kyamarori suka cika Gosford, ya ci ƙwallo biyu a wani wasan sada zumunta, a watan Nuwamba ya kama gabansa ba a sa hannu a komai ba, ƙungiyar ta sake ƙarewa a ƙarshe. Abin da ya tashe su ba shi da alaƙa da Bolt. Yaran makarantarsu ne da 'yan wasan da wasu suka yar. A 2023 suka yi wa Melbourne City, ƙanwar Manchester City mai kuɗin Abu Dhabi, ci shida da ɗaya a wasan ƙarshe. A 2024 suka haɗa uku: saman teburi, kofin AFC na nahiyar Asiya da suka ci Al Ahed ta Labanan a Maskat da ƙwallon Alou Kuol, yayan Garang, sannan kofin gasar a gabansu a Gosford, fili ya cika ya batse da mutum sama da dubu ashirin da ɗaya. Ba na ɓoye cewa har yau kuɗi yana ba su wuya, kuma duk shekarar da suka yi abin kirki sai an wawashe 'yan wasan da kocin. Amma shekara ashirin ke nan, sun binne Gold Coast, sun binne Fury, sun ga bayan Western United.

Yanzu ku gangara kudu da Sydney kamar kilomita tamanin, ku iske Wollongong, a yankin Illawarra, tsakanin dutse da teku. Garin ma'aikata ne. Masana'antar ƙarfe ta Port Kembla ce ta tara shi, ita ta jawo baƙi daga Masedoniya da Italiya da Girka da Birtaniya da sauran ƙasashen Turai bayan yaƙin duniya na biyu, kuma waɗannan mutane da ƙwallonsu suka sauka daga jirgi. Ba sai an koya wa jikokinsu son wasan ba. Wollongong Wolves ta shiga NSL a 1981. A wasan ƙarshe na 2000 ta je Perth, gaban mutum sama da dubu arba'in da uku, kusan dukkansu magoya bayan Perth Glory. Aka tafi hutun rabin lokaci ana cin Wolves uku da nema. Suka dawo Scott Chipperfield ya rama ɗaya, kyaftin Matt Horsley ya ƙara, Paul Reid ya farke ta uku saura minti ɗaya a tashi, suka ɗauke kofin a bugun fenariti, bakwai da shida. Shekara biyar ke nan kafin abin da Liverpool ta yi wa Milan a Istanbul. Chipperfield ɗin nan direban bas ne a garin yana haɗawa da ƙwallo, daga baya ya tafi Basel ta Suwizalan, ya buga kofin duniya sau biyu. A 2001 suka sake cin gasar, suka ci kofin nahiyar Oshiyaniya, suka samu gurbin gasar kulob-kulob ta duniya da za a yi a Sifaniya, sai FIFA ta soke gasar. Luke Wilkshire ɗan yankin ne. Caitlin Foord ta Arsenal 'yar yankin ce. Fili kuwa akwai shi, WIN Stadium, mai cin kimanin dubu ashirin da uku, a tsakiyar gari, jifa ɗaya daga rairayin teku.

Da aka zo kafa A-League, ƙungiyar da ta ci kofi biyu cikin shekaru biyar na ƙarshen tsohuwar gasa aka bar ta a waje. Ko hujjar da ake fakewa da ita ta ƙungiyoyin ƙabila ba ta hau kanta ba, domin Wolves sunan gari take ɗauke da shi, ba na wata al'umma ba. An rushe tsohon filinta na Brandon Park aka ba jami'a wurin. Ta faɗa bashi, ta kusa mutuwa wajen 2008, ta sauya suna har sau biyu kafin ta dawo da nata. Masu suka suna kawo wannan a matsayin hujjar cewa garin ba zai iya ba. Ni kuwa a wurina ita ce babbar shaida. Gold Coast United da attajiri da jirgin sama ta mutu cikin shekara uku. Wolves ba attajiri, ba talabijin, ba babbar gasa, mutanen gari suka riƙe ta shekara ashirin, har ta ci kofin ƙananan gasannin ƙasar a 2019 da Wilkshire a matsayin koci. Garin ma ya nuna halinsa a wani wasan: Illawarra Hawks ita kaɗai ce ƙungiyar ƙwallon kwando da ta buga kowace kaka tun da aka kafa gasar ƙasar a 1979, kuma ta ci kofi a 2025.

Akwai hujja ɗaya da ta fi ƙarfi a kaina, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba: Auckland. Nan ma birni ne na bakin ruwa da ƙungiya ta taɓa mutuwa, New Zealand Knights, wadda ta rufe a 2007 bayan kaka biyu na kunya. A 2024 aka koma da attajirin Amurka Bill Foley, mai Bournemouth ta Ingila, sai ga fili yana cika, sai ga su a saman teburi a kakarsu ta farko. Za a ce, to ga gari ya faɗi ya tashi, ga attajiri ya yi daidai, me zai hana Gold Coast? Abin da zai hana shi ne Auckland ta ninka Gold Coast fiye da sau biyu, ita ce birni mafi girma a ƙasarta, mutanenta 'yan gari ne da ƙananan ƙungiyoyinsu masu tarihi, ga kuma abokiyar gaba a shirye, Wellington Phoenix. Foley kuma sana'arsa ce riƙe ƙungiyoyi, ba sha'awar wata uku ba ce. In masu son Gold Coast suna da irin Foley a aljihu, su fito da shi mu gani. Sannan ko Auckland ɗin, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Western United ma ta ci kofi.

Raunin Wollongong ma na san shi. Mutanen yankin kimanin dubu ɗari uku ne, manyan kamfanonin da za su sa suna a riga ba su da yawa, kuma Sydney FC ta daɗe tana ɗaukar yankin a matsayin gonarta. Kuɗin lasisi da aka ce ya kai dalar Ostireliya miliyan ashirin da biyar, babu wanda zai tara shi a Illawarra cikin sauƙi. Amma wannan kuɗi shi ne abin da nake ƙara a kansa. Gasar tana neman sababbin ƙungiyoyi ne don tana buƙatar kuɗin shigarsu. A 2021 ta sayar da kashi ɗaya cikin uku na kanta ga kamfanin Silver Lake na Amurka a kan miliyan ɗari da arba'in. A Disambar 2022 ta sayar wa jihar New South Wales wasan ƙarshe na shekara uku, magoya baya suka yi bore, har aka kutsa fili a Melbourne aka rotse wa mai tsaron gida Tom Glover fuska da bokiti, daga baya aka warware cinikin. Zuwa 2024 an sallami ma'aikata da yawa, kason da ake ba kowace ƙungiya a shekara ya faɗo zuwa kusan rabin miliyan. Canberra da aka yi wa alkawari tare da Auckland a 2023 ta ga kakar da aka sa mata ta zo ta wuce. Mai neman kuɗi ido rufe ba ya tambayar mai saye ko zai iya riƙe kayan. A irin wannan hali ne ake sake samun wani Palmer, kuma gasar da ke raba rabin miliyan ba za ta iya ɗaukar maraya ta shayar kamar yadda AFL ta yi wa Suns ba.

Mu nan ba baƙin wannan darasi ba ne. Legas ga teku, ga kuɗi, ga mutane sun fi na ko'ina, amma ta sha yin shekaru tana fafutukar riƙe ƙungiya a babbar gasar Najeriya, alhali filin Sani Abacha yana cika don Kano Pillars. Sai dai mu aƙalla ƙofa a buɗe take. Sporting Lagos ta hau a 2023 ta sauka a 2024, Ikorodu City ta hau ta zauna, ba wanda ya zauna a ofis ya zaɓa musu.

Abin da Ostireliya ta rasa ke nan, kuma yanzu ba ta da uzuri. A Oktoban 2025 an fara gasa ta biyu ta ƙasa, Australian Championship, da ƙungiyoyi goma sha shida, Wolves tana cikin takwas na dindindin, tare da tsofaffi irin su South Melbourne da Marconi. Gajeriyar gasa ce, kuma an toshe samanta, wanda ya ci ba ya hawa ko'ina. A buɗe saman. A sa sharuɗɗa na fili da asusu da makarantar yara, a sa shekara, a ce daga ranar wanda ya ci kuma ya cika sharuɗɗa ya hau. Kafin ranar ta zo, in dole sai an sayar da lasisi a bakin teku, a rage kuɗin a ba Wollongong, a bar ta ta biya a hankali. Gold Coast United ma ai an farfaɗo da sunan tun 2017, tana buga gasar jihar Queensland tare da maƙwabciyarta Gold Coast Knights, ba jirgin sama, ba Palmer. Su ci gasar jiharsu, su shigo ta biyu, su je WIN Stadium su kara da Wolves, a ƙirga waɗanda suka biyo su tun daga Queensland.